Ƙarar Tamada Mai Banda

Duk wanda ya san kwatar Yelwa, inda masunta ke sauke kifi a bakin kogi, a shekarun farko na Jihar Kebbi ya san Tamada, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai rama da ke bandar kifi a can ƙarshen layi, inda hayaƙi ya baƙanta gindin wata tsamiya. Ba ta kiran mai saye, ba ta doguwar magana. In ka taya ta ga bai yi mata ba, sai ta juya kifinta ta bar ka tsaye har ka gaji.

Ni kuwa bayan na ajiye aikin koyarwa, rubutun wasiƙa na kama. Ranakun kasuwa nakan kai teburina kwata, domin ranar ce masunta ke zuwa daga Warra da Shanga da tungayen bakin ruwa, kowa da saƙon da yake son aikawa. Inuwar tsamiyar nan muka raba da ita shekara goma. Hayaƙinta ya shiga rigunana, rediyona ya shiga kunnenta. Iyakar zumuncinmu ke nan, sai gaisuwa.

A tsibiri aka haife ta, ɗaya daga cikin waɗanda ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi a Kainji. Tana budurwa aka kwaso su aka zuba a gidajen da gwamnati ta gina a tudu. Ba ta daɗe a nan ba ta auri Zakari, wani Basarke, masunci ɗan masunci, irin waɗanda ƙafarsu ba ta zama wuri ɗaya. Ya ji labarin kifi a ƙasashen bakin teku, ya ɗauke ta suka tafi. Suka yi ta gaba har suka yada zango a Laberiya, a bakin wani kogi da ke zuba cikin teku. Shi yana kamawa, ita tana banda. Can ta haifi 'yarta ta fari, kuma bayan ita Allah bai sake raya mata wani ba.

A gida, da an yaye 'yar fari kaka ke ɗauke ta, uwa ta huta da kunya. Can babu kaka, babu gwaggo. Tamada ta riƙe abarta da kanta, amma ta riƙe ta yadda aka koya mata. Ba ta yi mata wasa gaban mutane, ba ta yabonta, ba ta nuna ita ta haife ta. Sunan kuwa ba ta taɓa ɗora shi a harshenta ba. In za ta kira ta sai ta ce, "Ke!" Matan garin suna dariya, suna cewa wace irin uwa ce wannan. Ita kuwa tana ganin su ne ba su da ta ido.

Shekara goma sha bakwai suka yi, sai yaƙi ya zo.

Ta dawo Yauri a watan da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Gari ya cika da kiɗa, motoci suna ta oda, kowa na cewa mun samu tamu. Cikin wannan hayaniyar ta sauka a tasha da ƙunshi ɗaya, ta tambayi gidan Balaraba, ƙanwar Zakari. Balaraba ta ce mata ina yayana. Ta ce ya rasu a hanya. Ta ce ina yarinya. Tamada ta dubi ƙasa. Aka yi zaman makoki na mutum ɗaya, na biyun ba wanda ya san abin da za a yi masa. Bayan ta fita takaba ta haɗa murhu a kwata, ta koma sana'arta.

Shekara bakwai ba ta ce komai ba.

Wata ranar kasuwa a ƙarshen damina, bayan azahar, rediyo ya kawo labarin wata kotu da ƙasashen duniya suka kafa a Arusha ta Tanzaniya. An ce ta kama wani shugaban gari na ƙasar Ruwanda da laifi, kuma cikin laifin har da abin da aka yi wa mata yana gani bai hana ba. Mai labarin ya ce wannan ne karo na farko da aka lissafa irin wannan cikin manyan laifuffukan duniya. Ina saurare da rabin kunne, ina gyara alƙalami. Da na ɗaga kai sai na ga Tamada tsaye gaban teburina, kifi na ƙuna a bayanta.

"Malam, mi anka ce?"

Na maimaita mata.

"Shi mai garin, da hannunai ya yi?"

"An ce bai hana ba, yana da ikon hanawa."

"Kuma anka kama shi?"

"An kama shi."

Can ta ce, "To ina da ƙara. Ka rubuta min."

Na yi ƙoƙari in fahimtar da ita cewa kotun nan ta ƙasa ɗaya ce, ta shekara ɗaya. Ban iya faɗa kai tsaye ba, na ce mata kowane alƙali da iyakar ƙasarsa. Ta ce ba haka ba ne. Ta ce ta sha ganin mutumin Ngaski ya kawo ƙara Yelwa an saurare shi, kuma ai ni da bakina na ce kotun duniya ce. "Ko Laberiya ba cikin duniya take ba?" Na jawo takarda.

Ta faɗi sunan garin da suka zauna, da sunan kogin. Ta faɗi sunan wata gada. Ta faɗi laƙabin da 'yan bindiga ke kiran babbansu da shi, ta faɗe shi sau biyu don kada in yi kuskure. Ba zan sa shi a nan ba. Ta kwatanta mini tabon da ke gefen bakinsa. Da na ce mata sunan wadda aka zalunta fa, sai ta ja mayafi.

"Ka sa yarinyar."

"Wace yarinya? Can ba su san ta ba."

"Haba Malam. Kai ma ka sani, ta fari ce."

Na sa yarinyar. Ban san inda ake aika takarda Arusha ba, ban kuma san wanda ya sani ba. Amma na taɓa jin wata ƙungiyar mata a Kaduna tana cigiyar waɗanda suka tsero daga yaƙin Laberiya, na kuwa rubuta adireshinsu a bangon littafina. Can na aika. Gaskiya ban sa rai ba. Ita ce kullum in na shimfiɗa tebur takan ɗago kai ta dube ni, in girgiza kai, ta koma ga wutarta.

Bayan wata huɗu sai ga wata mata daga ƙungiyar nan da jaka a rataye da rakoda, tana tambayar mai rubutun wasiƙa. Sunanta Rahila, 'yar Zuru ce, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Ba ta yi mana ƙarya ba. Tun kafin ta zauna ta ce babu wata kotu da aka kafa wa Laberiya. Suna dai tara shaidu ne su ajiye, ko wata rana za a kafa. Tamada ta ce ta ji, ai ko alƙali yakan tafi hutu ya dawo.

A gidan Balaraba muka zauna, da hantsi, ƙarƙashin rumfa. Balaraba ta kawo fura ta zauna ba a gayyace ta ba.

"Ashe matar yayana baki gare ta," in ji ta. "Shekara bakwai muna kwana ɗaki ɗaya, ko mafarki ba ta yi da ƙarfi. Sai da baƙuwa ta zo da akwatin magana."

"Ke kin yi mana ta mutum biyu," in ji Tamada. "Ina zan samu wurin saka tawa?"

Rahila ta yi dariya, ta fito da fom mai layi-layi. Aka cike sunan mai ƙara, da na mijinta, wanda ni na faɗa. Ranar da abin ya faru Tamada ba ta san ta da lissafin Bature ba, amma ta ce kwana tara ne bayan Babbar Salla, ruwan kogi ya fara ja. Muka lissafa muka samu. Shekarun yarinya goma sha shida. Sai aka zo layin suna.

"Inna, sunanta fa?"

Tamada ta dubi bakin zanenta.

"Ta fari ce," na ce.

Rahila ta ajiye biro. Ta san al'adar, a cikinmu ta tashi. Ta juya ga Balaraba ta ce to gwaggonta ta faɗa.

"Ni ina nis sani? Wani ɗan tireda ne ya kawo muna labari an haihu, mace. Mu Ta-Teku munka sa mata, da shi muke cigiyarta. Yayana ba mai wasiƙa ba ne. Na tambayi wagga baiwar Allah ya fi sau ɗari, ta ce in bar ta."

Limamin da ya raɗa sunan ɗan can ne, kuma Tamada ta ce ta ga gawarsa a ƙofar masallaci. Waɗanda suka ci naman suna sun watse. A duk faɗin ƙasar Yauri, bakin mutum ɗaya ne ya san sunan nan.

Rahila ta ce akwai dabara. Za ta yi ta kiran sunaye, in ta zo kan na gaskiya, Inna ta ɗaga yatsa kawai, ba sai ta yi magana ba. Tamada ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Rahila ta fara. Halimatu. Fadimatu. Rakiya. Murja. Tana kira tana dakatawa. Balaraba na taya ta da na dangi, har da na kakanni. Salma. Lubabatu. Tamada ta kafa ido ga bangon zana, hannayenta biyu a ƙarƙashin mayafi. Haka uwa ta gari ke yi in an ambaci ɗan fari: ba ta ji ba, ba ta gani ba. An kira sun fi arba'in. Ko an wuce ta kansa, ko ba a zo ba, ni dai ina kallonta ban gane ba.

Balaraba ta fusata. "Ke wai kunyar mi? Wa ya rage da za ki ji kunyatai? Uwayenki sun mutu, mijinki ya mutu. Ni ce surukarki? Faɗi mu ji, a rubuta, a kama azzalumi!"

"Ba kunya ba ce yanzu," in ji Tamada.

Daga nan ta fara magana, a hankali, ba ta duban kowa. Ta ce da yaƙi ya iso garinsu an ce 'yan Nijeriya ake nema, saboda sojanmu da suka shiga. Suka bi ayarin masu gudu. A gadar nan aka yi shinge. Maza gefe, mata gefe. Ba ta sake ganin Zakari tsaye ba. Sannan babban 'yan bindigar ya bi layin mata yana nuna 'yan mata da sandar hannunsa, ana fitar da su. Ya zo kan yarinyar.

"Ya tambaya, wagga ta wa ce? Da Turancinsu, amma na ji. Wata mata gabana, da anka ja tata, ta faɗi ƙasa ta riƙe ƙafarta tana kururuwa, tana kiran sunanta. Sunka yi ta dukanta ba ta saki ba. Sai ya yi dariya ya ce a bar mata kayanta. Na gani da idona. Ni kuwa da ya tambaya, sai na sunkuyar da kai."

Ta ɗago ta dubi Rahila.

"Ba tsoro ba ne, ɗiyata. Da tsoro ne da na gafarta wa kaina. Shekara goma sha shida in an ce wagga ɗiyar wa ce, kaina nake sunkuyarwa. Wuyana ne ya yi abin da ya saba. Numfashi ɗaya ne. Kafin in ɗago sun ja ta. Na bi su ina cewa ke, ke! Gadar cike da mata, kowa na kiran tata da suna. Wa zai waiwayo don an ce ke? Ta hau motar tana dube-dube. Ban sani ba ko ta ji ni."

Balaraba ta rufe fuska da gefen zane. Rahila ta kashe rakoda, ta sake kunnawa.

"Ranar da zai yi amfani ban kira sunan ba," in ji Tamada. "Yanzu in kira shi don takarda? Kuma in tana da rai fa? Ta yi aure wani wuri, ta rufa wa kanta asiri, sai ta ji sunanta a rediyo an ce ga abin da anka yi mata?"

Rahila ta ce ba a faɗar sunan mata a rediyo, ana ɓoyewa. Amma dole alƙalai su san shi, don in babu suna lauyan wanda ake ƙara zai ce ba a yi mutum ba. Ta ce tana da takardu irin wannan da yawa, masu suna ma ba a san ranar da za a buɗe su ba, balle marasa suna. Ta faɗe shi da taushi, amma ta faɗa.

Tamada ta nuna rakodar. Sannan ta ce a bar ta da ita, kowa ya fita. Rahila ta sa sabon kaset, ta nuna mata cewa ba sai ta taɓa komai ba. Muka fita zaure mu uku. Balaraba ta so ta laɓe, na dube ta, ta zauna. Muka yi kusan rabin awa muna jin kaji. Da ta fito ta miƙa wa Rahila rakodar da hannu biyu, ta ce wutarta na jira, ta wuce kwata.

A zauren muka saurara. Tamada ta sake ba da labarin tun daga farko, tsaf, ya fi na ɗazu tsari. Ta yi sallama ga alƙalai, ta ce Allah ya ba su nasara. Ta faɗi gadar, ta faɗi mai tabon, ta lissafa 'yan matan da aka ɗora a motar, goma sha ɗaya, ta kira sunayen shida da ta sani, 'ya'yan maƙwabta, da na iyayensu. Sannan ta ce, "Sai tawa. Sunanta," sai shiru. Ana jin numfashinta. Ana jin zakara a bayan gida. Ta sake cewa, "Sunanta." Kaset ɗin ya yi ta juyawa har ya kai ƙarshe, maɓallin ya ɗago da kansa.

Rahila ta ce shidan nan ma ba ƙaramin abu ba ne. Ta ja layi a inda aka bar wa suna, ta sa takardar a jaka. Ta kwana ɗaya ta koma.

Bayan shekara ta rubuto mini. Ta ce an ajiye shaidar, an sa ta cikin waɗanda ba su cika ba, in Inna ta sauya shawara in sanar da ita. Na karanta wa Tamada. Ta ce, "An gode mata." A cikin watannin nan ne kuma muka ji a rediyo ana lissafa waɗanda aka ba muƙamai a can Laberiya bayan sulhu, sai ga laƙabin nan an haɗa shi da wani suna na mutunci. Ko shi ne, ko mai irin sunansa ne, Allah ya sani. Na kai hannu zan rage murya, ta ce in bar shi. Ta saurara har aka gama, aka shiga labarin wasanni.

"Malam, alƙalin bai dawo hutu ba?"

"Bai dawo ba tukuna."

Ba ta sake tambayata ba. Ta daina ɗago kai in na shimfiɗa tebur. Sau ɗaya, wata ranar da kasuwa ta watse da wuri saboda hadari, na ce mata in tana so ga takarda ga alƙalami, ta faɗa mini a kunne, ni tsoho ne, in rubuta in liƙe, ba mai gani sai ranar da aka nema. Ta tsaya da kwando a kai kamar za ta sauke. Sai ta ce ruwa zai dake ta, ta bari sai wani jiƙon. Wani jiƙon ya zo, ban tuna mata ba, ita ma ba ta tayar ba. Na sha tambayar kaina ko da na matsa.

Tarin da hayaƙi ya sa mata ne ya kwantar da ita a daminar shekara ta dubu biyu da ɗaya. Kwana goma sha biyu ta yi. Balaraba ta ce ta zauna a kanta har ƙarshe, ta kasa kunne, ba ta ji komai ba sai kalmar shahada.

Bayan addu'ar bakwai aka fito da abin da ta bari tsakar gida: ragar banda biyu, tukwane, zannuwa, da 'yan kunne guda na azurfa. Liman ya tambayi magada. Balaraba ta ce akwai 'ya mace, ba a san ko tana raye ba. Liman ya ce to ba a raba rabon wanda ya ɓata, ajiye masa ake yi har a tabbatar. Ya buɗe littafinsa, ya ce ya sunanta.

Aka dubi Balaraba, Balaraba ta dube ni.

Liman ya jira. Da ya ga ba mai magana sai ya ce Allah ya san ta, ya rufe littafin. Aka ƙulle rabonta a zane ɗaya aka kai ɗakin Balaraba. Ita ma Balaraba ta rasu bayan shekara uku, gidan ya koma hannun wasu, ban san inda ƙunshin ya shiga ba.